Baki Ɗaya, Hula Biyu: Shekara Biyar Ina Bibiyar Haƙoran Wata Yarinya a Sakkwato

Da zafin bazara aka kawo ta, lokacin da ranar Sakkwato ke kora mutum inuwa tun hantsi. Shekararta 5 da 'yan watanni. Mahaifiyarta, malamar firamare daga wajen Mabera, na riƙe da hannunta, kakarta ta wajen uba na biye da su da carbi. Ƙorafin bai da tsawo. Kusan wata biyu ke nan yarinyar ba ta tauna da ɓangaren dama. Da zarar tsokar nama ko ƙwayar shinkafa ta shige wani kogo a haƙorin ƙasa sai ta ajiye cokali ta kama kuka, in an zaƙulo abin da tsinke sai ta yi shiru ta koma wasanta. An gwada kanumfari, an gwada ruwan gishiri mai ɗumi, an sayo maganin ciwo a kemis har sau biyu.

Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan lamari shi ne ba kasafai ake samun irinsa ba. Baki ɗaya ne ya ɗauki hular haƙori iri biyu, wato murfin da ake kifa wa haƙorin da ya lalace, fara a dama, ta ƙarfe a hagu, kuma iyalin sun ci gaba da dawowa, ko da yake da tsallake, har yarinyar ta cika shekara 10. Tambayoyi biyu da iyaye ke yi mini kullum a kan farar hular haƙori, ko za ta yi ƙarko, da ko za ta yi kama da haƙorin Allah, na ga amsarsu a bakin nan da idona.

Abin da na tarar

Kafin in ɗauki madubi na tambayi uwar abu uku. Ciwon yana tada ta daga barci? Kuncinta ya taɓa kumbura? An taɓa ganin ɗan ƙurji a dasashi yana fitar da mugunya? Duka ta ce a'a. Waɗannan amsoshi su ne rabin binciken. Ciwon da ke zuwa da abinci ya tafi in an cire abincin yana nuna ɓargon haƙorin, inda jijiya da hanyoyin jini suke, ya fara taɓuwa amma da sauran ransa. Wanda ke tasowa da tsakar dare ba a taɓa komai ba kuwa, sau da yawa ɓarnar ta riga ta gangara cikin saiwa.

Haƙorin da ke ciwo turmin farko ne na ƙasa, a dama. Kogon ya cinye samansa ya zarce gefen baya inda yake jingine da maƙwabcinsa, har bangon gefen ya karye. Ba ya girgiɗi, dasashin da ke kewaye da shi lafiya lau. Hoton cikin haƙori (X-ray) ya nuna ruɓewar ta kai dab da ɓargo, amma ƙashin da ke tsakanin saiwoyin bai taɓu ba. A hagu kuma, turmi na biyu na ƙasa yana da nasa kogon a gefe, wanda ba wanda ya lura da shi domin ba ya ciwo. Hoto ya nuna da sauran tazara mai kyau tsakanin ruɓewar da ɓargo. A haƙoran sama na ga fararen tabo kamar alli a gindin dasashi, alamar ɓawon haƙori ya fara zagwanyewa.

Sanadin bai ɓuya ba. Shayi mai sukari da safe, wani kafin barci. Kuɗin tara kullum a hannun masu tallar alewa da gullisuwa na bakin makaranta yake ƙarewa. Da yamma a hanyar Islamiyya akwai biskit ko cingam. Buroshi sau ɗaya a rana, ita kaɗai take yi, kuma makilin ɗin tsotsewa take yi saboda zaƙinsa. Na ce wa uwar yawan sukarin da ake sha a zama ɗaya bai kai yawan lokutan da ake shansa illa ba. Duk sa'ad da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna mayar da shi tsami, tsamin nan ya yi ta lasar ɓawon haƙori na wani lokaci kafin yawu ya wanke shi. Yaron da ke tsotson alewa sau shida a wuni bai ba yawunsa sararin yin aikinsa ba.

Zaman shawara

Da na ce musu haƙoran biyu hula suke buƙata, kakar ce ta fara magana, kuma na ji daɗi da ta fito da abin da ke ranta.

"Likita, ni ban gane ba. Haƙorin da za ya faɗi da kainai, mi za a kashe mai kuɗi? Mu da munka tashi, wa yas sa muna hula ga haƙori? A cire shi ta huta."

Na ce, "Inna, gaskiyarki, zai faɗi. Amma ba bana ba, ba baɗi ba."

Haƙoran nono 20 ne, 8 daga cikinsu turame. Na gaba su ke fara tafiya in famfara ta zo wajen shekara 6, shi ya sa mutane ke ɗauka duka tare suke faɗuwa. Turmin farko sai tsakanin shekara 9 da 11 yake fita, na biyu tsakanin 10 da 12. Wato yarinyar nan tana da shekara 4 zuwa 7 da za ta ci tuwo da waɗannan haƙora. Ban da tauna, suna tsare wa haƙoran girma gurbinsu. Wajen shekara 6 babban turmi na dindindin yake fitowa a can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. In ya tarar da giɓi a gabansa sai ya karkato ya matse wurin, wanda ke ƙarƙashin dasashi kuma in lokacinsa ya yi ya rasa hanya, ya fito a karkace ko ya maƙale.

Ciko kuwa ba zai wadatar ba. Ɓawon haƙorin nono siriri ne, ɓargonsa babba, in kogo ya ci fuska biyu bangon da ya saura ba ya riƙe ciko shekaru. Bitar bincike da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2015 ta nuna turmin nonon da aka sa wa hula ya fi wanda aka yi wa ciko tsira daga ciwo da babbar lalacewa idan tafiya ta yi nisa. Abin da muke gani a kujera ke nan kullum, ciko ya fita, a sake, ya sake fita, kogon na ƙara faɗi.

Sai na fito da samfurin hular ƙarfe na ɗora a tafin hannuna. Fuskar uwar ta canza nan take.

"Likita, don Allah ban son a sa ma ɗiyata ƙarhe ga baki. Yara ba su da kara, za su sa ta gaba."

Ban ɗauki wannan magana a matsayin son ado ba. Malama ce, ta san abin da ke faruwa a filin makaranta fiye da ni. A garin da kowa ya san haƙorin Makka, yarinya 'yar shekara 5 mai ƙyalli a baki ba za ta rasa laƙabi ba. Akwai abokan aikina da ke ganin batun farar hula almubazzaranci ne a Sakkwato, garin da tun 1999 yake da asibiti na musamman don yaran da cutar noma ta zaizaye wa baki da fuska, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Na fahimci zafin da ke cikin wannan ra'ayi, kuma na yarda cewa buroshi da makilin da abinci mai gina jiki su ne buƙatar mafi yawan yaranmu. Amma uwar da ke gabana tambaya ta yi a kan 'yarta, haƙƙinta ne ta ji duk abin da akwai, da amfaninsa da abin da za a biya, ba kuɗi kaɗai ba.

Ga abin da na shimfiɗa musu. Hular ƙarfe marar tsatsa an fara amfani da ita a bakin yara tun wajen 1950. Siririya ce, tana lanƙwasuwa, ana matse bakinta da filaya ta kama wuyan haƙori kamar murfin kwalba. Ba ta buƙatar a fiƙe haƙori sosai, a wasu lokuta ma ba a fiƙewa sam. Tana da araha. Aibinta launinta, sai kuma ɗan sinadarin nikel da ke cikinta, wanda jikin wasu ba ya so. Farar kuwa da zirkoniya ake yin ta, wani nau'in tangaram mai tsananin ƙarfi. Sabuwa ce a aikin yara. Kamfanin EZ-Pedo na Amurka ya fito da ita a 2008, NuSmile ya biyo da tasa a 2012. Tana da santsi, dattin haƙori ba ya kama ta da sauƙi, shi ya sa dasashi ke zama lafiya a gefenta. Amma ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan, kuma ta fi ta ƙarfe kauri. Ba hular ake gyarawa ta dace da haƙori ba, haƙorin ake sassaƙewa ya dace da hular. Siminti kaɗai ke riƙe ta. Daga waje ake shigo da ita, kuɗinta ya ninka na ƙarfe sau da dama.

Washegari uban ya zo da kansa daga kasuwa. Bai zauna ba ma.

"Likita, ka gaya min tsakaninka da Allah. In ɗiyarka ta, wacce za ka sa mata?"

Na ce, "Alhaji, ba amsa ɗaya ba ce, domin haƙoran ba iri ɗaya ba ne."

Na dama ya riga ya lalace, dole a buɗe shi a cire ɓargon sama, dole a yi allura. Fiƙewar da farar hula ke buƙata ba za ta jawo masa asarar da bai riga ya yi ba. Kuma shi ne ake hangowa in ta yi dariya, domin yana bayan fiƙa kai tsaye. Wannan in suna da hali a sa masa fara. Na hagu kuwa ɓargonsa lafiya, yana can ciki. In na ce zan sa masa fara, zan sassaƙe lafiyayyen haƙori har in kusanci jijiya, wataƙila in buɗe ta, don launi kawai. Wannan ba zan yi wa 'yata ba. Ya yi shiru, ya dubi matarsa, ya ce a yi hakan.

Yadda aikin ya gudana

Da na hagu na fara, da gangan. Fararen huluna sai da na sa aka aiko mini da girma uku daga Legas, kafin su iso na share kogon dama na toshe shi da ciko na wucin gadi. Ina kuma son yarinyar ta fara sanin kujerata da aikin da babu allura a ciki.

Na bi dabarar Hall, wadda aka sa wa sunan Norna Hall, wata likitar haƙori a Sikotilan da ta daɗe tana yi a asibitinta kafin a wallafa sakamakon a 2006. Ba a fiƙewa, ba a ƙwaƙule ruɓewar. Ana rufe haƙorin ruf, ƙwayoyin cutar da ke ciki su rasa abinci, ɓarnar ta tsaya. Sharaɗin shi ne ɓargo ya kasance lafiya, hoto ya tabbatar. Na sa 'yan ƙananan robobi tsakanin haƙoran, bayan kwana 4 suka dawo wuri ya buɗe. Na cika hular da siminti, na ɗora, na ce, "'Yan mata, ciji audugar nan da ƙarfi, kamar kina cizon rake." Ta ciza, hular ta zauna. Duka aikin bai kai minti 15 ba. Na gaya wa uwar cizon zai yi tudu a wannan gefen na 'yan makonni kafin ya daidaita da kansa, haka kuwa aka yi.

Da na miƙa mata madubi ta ga ƙyallin, sai leɓenta ya fara rawa. Kakar ta matso, ta yaye leɓenta ta nuna nata na zinari.

"Zo nan kishiya, buɗe in gani. Ke ko jirgi ba ki hau ba kin samu naki."

Yarinyar ta dubi na kakar, ta dubi nata, ta ce, "Inna, irin naki na?" Daga ranar ban sake jin ƙorafin launin daga bakinta ba. A Islamiyya sun kira ta Hajiya na ɗan lokaci, uwar ta ce abin ya fi damun ita uwar fiye da mai haƙorin.

Aikin dama ya bambanta ƙwarai. Na yi allurar kashe zafi, na keɓe haƙorin da shimfiɗar roba, na share ruɓewar har ɓargo ya bayyana. Na cire ɓargon sama na bar na cikin saiwoyi. Jinin ja ne mai haske, ya tsaya cikin 'yan mintoci da na danna audugar da aka jiƙa, wanda ya tabbatar mini saiwoyin lafiya suke. Na shimfiɗa sinadarin MTA, wanda ake rufe ɓargon da ya saura da shi, a kai, na rufe da siminti.

Sai sassaƙa. Daga sama na rage kusan milimita 1.5 zuwa 2, na kewaye gefuna duka, na gangara ƙarƙashin dasashi kaɗan don kada a bar wata ƴar kafaɗa da za ta tokare hular. Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin ƙanƙantar abin da ke saura, kamar ɗan kututture. Dole hular ta shige da ɗan danni na yatsa kawai. In aka tilasta ta za ta iya tsagewa. Girman farko ya yi yawa, na biyu ya tokare a baya domin maƙwabcin ya ɗan matso cikin kogon tun da daɗewa, sai na ƙara ragewa. Gwadawa, cirewa, ragewa, sake gwadawa. Dasashin kuwa ya fara tsiyayar jini, kamar yadda yakan yi in an yi aiki a ƙarƙashinsa.

A nan na yi kuskure. Akwai hulunan gwaji masu launin hoda da ake auna girma da su, don kada jini da yawu su taɓa ta ainihin kafin a liƙa. Ba ni da su, da ta ainihin na yi ta gwaji. Mun doshi awa guda, yarinyar ta gaji, ta fara shure-shure tana kiran uwarta. Na ɗauraye hular da ruwa, na busar, na danna gefen dasashin da auduga, na ga kamar jinin ya tsaya, na liƙa. Da na share simintin da ya fito na ga ɗan ja-ja a jikinsa ta gefen harshe. Na gani, na kuma bar shi.

A ido aikin ya yi kyau. Uwar ta duba ta sake dubawa, ta ce ba don a gabanta aka yi ba da ba za ta nuna wanne ne ba.

Mako bakwai

Bayan mako bakwai, washegarin wani suna a gidansu, suka dawo da sassafe. Uwar ta kwance bakin gyalenta ta fito da hular. A cikin alewa mai danƙo aka tsince ta, Allah ya kiyaye yarinyar ba ta haɗiye ba, ba ta kuma shaƙe ba. Na juya hular a hasken fitila. Ba tsagewa, ba ɓantarewa. Cikinta fes, simintin duk yana jikin haƙori. Wannan ya nuna mini inda haɗin ya rabu, tsakanin siminti da zirkoniya. Yawu da jini suna barin wani shafi a jikin zirkoniya wanda ruwa kaɗai ba ya fitarwa, shi ke hana siminti kamawa. Hular ƙarfe tana yafe irin wannan domin bakinta na riƙe da wuyan haƙori. Fara ba ta da abin riƙo sai simintin.

Uwar ta fara ba da haƙuri, wai ita ce ba ta sa ido ba. Na ce, "Malama, alewar ta taimaka, amma laifin nawa ne. Wurin bai bushe yadda ya kamata ba lokacin da na liƙa." Na faɗa mata haka ne domin gaskiyar ke nan, kuma ba na son a koma gida a yi wa yarinya faɗa a kan abin da ba ita ta jawo ba.

Wannan karon dasashin ya warke, babu jini ko ɗigo. Cikon da ke kan MTA bai motsa ba. Na kankare tsohon simintin, na dafa hular a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, na wanke cikinta da sinadarin da aka tanada don zirkoniya, na cika ta da siminti har baki, na ɗora na riƙe da yatsa ba motsi har ya kama. Ko allura ba a yi ba. Ban karɓi ko kwabo ba. Daga ranar hular ba ta sake motsi ba.

Abin da shekaru suka nuna

A wata na 6 abin da ya fi ɗaukar hankalina dasashi ne. A gefen farar hula launinsa na lafiya ne, ya kama ta tsaf, na bi da ƙarfen awo ba jini. A gefen ta ƙarfe akwai ɗan datti a gindi, dasashin ya ɗan yi ja, ana hango inuwar ƙarfen ta cikinsa. Na nuna wa uwar yadda za ta karkata buroshi zuwa gindin, a zuwa na gaba jan ya ragu. Binciken da aka yi ta yi a ƙasashe daban-daban yana nuna haka, zirkoniya ta fi tsabta a gindi kuma iyaye sun fi gamsuwa da ita, a ƙarko kuwa cikin 'yan shekarun farko dukansu suna riƙewa da kyau.

Batun kama da haƙorin Allah yana buƙatar a faɗe shi dalla-dalla, domin a nan ne iyaye ke sa rai fiye da kima. Daga nesan da mutane ke hira, ba wanda zai gane. Daga kusa, mai lura zai gane. Haƙori na gaske haske na ɗan ratsa bakinsa, gindinsa ya fi samansa duhu. Hular launi ɗaya ce daga sama har ƙasa, haske ba ya ratsa ta, ta fi maƙwabtanta ƙiba da kumburin ciki, tsagogin samanta kuma ba su da zurfi. Launukan da kamfanoni ke yi kaɗan ne, mafi kusa ake zaɓa. Da yake haƙoran nono farare ne tas, da farko ta saje. Da haƙoran girma suka fara fitowa, waɗanda a ɗabi'arsu sun fi rawaya, sai farinta ya ƙara fitowa. Uwar har ta tambaye ni ko sababbin ne ke da matsala. Na ce lafiyarsu ƙalau, haka Allah ya yi su.

Launin hular kansa bai canza ba. A shekara ta biyu an ba yarinyar maganin ƙarin jini na ruwa bayan zazzaɓin cizon sauro, ya bar baƙin zane a gindin haƙoranta da dama. A jikin hular da auduga na goge ya fita, na sauran sai da na sa injin wanki. Zoɓo da shayi ma ba su rina ta ba.

Daga nan suka ɓace mini wata 14. Da suka dawo hulunan biyu na nan daram, amma turmin sama na dama, wanda ke cizo a kan farar, ya yi sabon kogo a gefe. Shayin dare ya dawo, uwar ta haihu, hankali ya rabu, buroshin dare ya tsaya. Na yi masa ciko. Wannan ziyara ta fi faɗuwar hular ɓata mini rai, domin an kashe kuɗi mai yawa a haƙori ɗaya, na kusa da shi kuma ya ruɓe saboda abin da bai fi minti biyu ba kafin barci. Muka sake zama. Makilin mai sinadarin fuloraid, ɗigo kamar ƙwayar wake, safe da dare, babba ya tsaya a kai, a tofar kada a kurkure. Zaƙi a haɗa shi da lokacin cin abinci. Kakar ce ta ɗauki nauyin buroshin dare tun da a ɗakinta yarinyar ke kwana, kuma ta riƙe amanar. Manyan turamen dindindin huɗu sun riga sun fito, na shafe tsagoginsu da abin toshewa. Na duba na hagu na ƙasa musamman, domin hular ƙarfe in ta yi girma takan tare masa hanya. Ya fito sarai.

Akwai fargabar da ake yi cewa zirkoniya, saboda taurinta, za ta cinye haƙorin da ke cizo a kanta. Na bi wannan a kowace ziyara. Ƙololuwar turmin sama na dama ta ɗan lafa, amma na hagu ma ya lafa kusan daidai, kuma haƙoran nono dama sukan goge da shekaru. Ban taɓa saman hular da injin fiƙa ba ko sau ɗaya, da santsinta na kamfani na bar ta, domin zirkoniyar da aka karce ba a goge ba ita ke zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ta ƙarfe kuwa ita ce ta nuna tsufa. Samanta ya baje, ya yi ɗan lotsawa a tsakiya, amma bai huje ba.

Da za a sake kawo mini irin bakin nan gobe, zaɓin ba zai canza ba, fara ga wanda ya riga ya rasa ɓargonsa kuma ake gani, ƙarfe ba fiƙa ga wanda ke da rai a can baya. Abin da zan canza shi ne ba zan fara ba sai da hulunan gwaji a hannu, kuma in jini ya ƙi tsayawa ko yaro ya gaji, zan rufe da na wucin gadi in ɗaga liƙawa zuwa wata rana. Yaron da ba ya iya zama, ko mai cizon haƙora da dare, ko wanda haƙoransa suka matse har babu wuri, ko iyalin da kuɗin zai taɓa abincin gidansu, ina gaya musu kai tsaye cewa ta ƙarfe ta fi musu, ba kuma ƙaramin magani ba ne aka ba su.

Hoton da na ɗauka tana shekara 9 ya nuna saiwoyin haƙorin dama suna narkewa yadda ya kamata, magajinsa na tasowa a tsakaninsu. Bayan ta cika 10, cikin hunturu, suka shigo ita da kakar, wadda yanzu sai da sanda. Yarinyar ta zaro wata takarda da aka ninke daga aljihun jakar makaranta ta buɗe a kan teburina. Hular ce, da ragowar haƙorin a cikinta, saiwa ta ƙare sai ɗan gefe mai kaifi. Wajen cin goruba ya fita, ba ciwo, jini kaɗan. Na sa ta ƙarƙashin fitila na juya ta kowane gefe. Ba tsaga, santsin na nan, simintin karo na biyu ya kama ko'ina.

Na duba gurbin. Kan sabon haƙorin ya ɓullo, ɓawonsa sumul ba tabo, wuri ya ishe shi. Na hagu mai hular ƙarfe ya fara ɗan motsi, na ce su ba shi shekara guda ko ƙasa da haka, su dawo bayan wata 6 in gani. Ta tambaye ni ko zan riƙe farar. Na ce tata ce. Ta mayar da ita cikin takardar ta ninke, ta ce za ta ajiye har ta ƙarfen ta fito ta haɗa su wuri ɗaya.